Azumin da sumo ya ƙone

Zafin bana ya fara da wuri. Jiya da hantsi na kama ƙyauren shagona zan buɗe, sai na saki, ƙarfen kamar an tsamo shi daga murhu. A gindin tankin unguwa kuwa yara ne suke watsa wa juna ruwa, famfo a buɗe yana kwarara cikin kwata. Na je na rufe, na kore su, suka watse suna gunaguni. Ba na ganin laifinsu sosai. Yawancinsu ba su yi wayo ba a shekarar da azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, shekarar da muka yi kwanaki a unguwarmu ta Soron Ɗinki babu ɗigon ruwa a wannan tanki.

Zan bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Sana'ata gyaran famfo da wayarin. Karatun boko na tsaya a sakandare, ita ma ban ƙarasa ba. Unguwarmu lunguna ce, motar haƙa burtsatse ba ta da inda za ta bi ta shigo. Don haka da mutanen unguwa suka haɗa ƙarfi, can wajen Ƙofar Na'isa aka sami fili aka haƙa, aka jawo bututu har tankin da ke jikin masallacinmu. A cikin ramin akwai injin da muke kira sumo, sola ce take ba shi wuta. Ni aka ɗora wa kula da shi.

Da damina babu wahala, ka kunna ka tafi harkarka. Da bazara ne ake yin ta. Ruwa yakan yi ƙasa, sumo kuma ruwan da yake ja shi ne yake sanyaya shi, in ya ci gaba da juyi a busasshen rami zai ƙone. Namu ba irin mai kashe kansa ba ne. Sai ka kunna, ya ja, ka kashe kafin ya shaƙi iska, ka bar ramin ya tara, sannan ka koma ka kunna. Haka nake zirga-zirga a keke tsakanin gida da Ƙofar Na'isa, tun hantsi har yamma, har ranar da jiri ya kayar da ni a bakin titi. A asibiti aka ce hawan jini ne, in rage shiga rana.

Ƙanena Habibu, autanmu, ya yi karatun kwamfuta, aiki bai samu ba, sai ya buɗe wurin buga takardu a zauren gidanmu. Shi ya same ni ina kwance.

"Yaya, ba sai ka riƙa zuwa ba. Aikawa za mu riƙa yi."

"Wa za ka aika? Ba na ba wa kowa makullin sumo."

"Ba mutum ba ne. Akwati ne."

Na ce ya zauna ya faɗa mini daga farko, ban da tsallake. Ya ce akwai wata 'yar na'ura kamar tafin hannu, za a sa mata layin waya, a kafa ta a ɗakin sumo. Kwamfutarsa ta zaure ita ce mai kira, na'urar kuma mai amsa, su suna ce mata saba. Kwamfuta za ta ambaci sunan aiki kamar a cikinta aikin yake, saƙon ya bi ta sabis ya isa can, na'ura ta aikata, sannan ta dawo da amsa cewa ta yi. Ya ce a wurinsu sunan wannan tsari RPC, wato kiran aiki daga nesa. Sunan bai dame ni ba, jerin ne ya kwanta mini: a yi kira, a yi aiki, a dawo da amsa.

A lokacin sanyi muka yi aikin. Shi yana rubuce-rubucensa a kwamfuta, ni ina haɗa akwatin ƙarfe da wayoyi. Allon kunna sumo maɓalli ɗaya gare shi, kore: ka danna ya kunna, ka sake dannawa ya kashe. Muka haɗa wani ɗan makunni a bayansa wanda zai yi abin da yatsana yake yi. Aikin da na'urar ta iya kenan guda ɗaya, danna. Kwamfutar ce take riƙe wa kanta cewa yanzu a kunne yake ko a kashe, ta rubuta a fuskarta.

Na tambaye shi, "In ta kira ba a amsa ba fa?"

"Sai ta ɗan jira ta sake kira. Kamar sallama ne, Yaya. Ka yi a ƙofar gida, ka ji shiru, ai ba juyawa za ka yi ba. Sakewa za ka yi."

Na gamsu, don haka aka koya mana. Muka gwada ya fi a ƙirga, ni a can, shi a zaure, waya a kunnuwanmu. Sabis lafiya lau a lokacin, ko sau ɗaya abin bai saɓa ba.

A gida aka sami abin zolaya. Maiɗakina Rabi ta ce, "Injiniya, a haɗa mini irinsa a murhu mana, ina kwance in ce tuwo ya tuƙu." Gwaggo kuwa, ƙanwar mahaifinmu da take zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Ta ce, "Auta, kana zaune a zaure kana ba wa rijiya umarni? Ubanka har ya mutu da ƙafarsa yake zuwa gaisuwa."

"Gwaggo, zamani ne."

"Zamanin malalata. Kawo mini goro."

Sai azumi ya zo, ya zo kuma a zafin da ban taɓa ganin irinsa ba. Tun ana idar da asuba iska take ɗumi. Kafin hantsi bangon ɗaki ya ɗauki zafi, kwanon rufi yana ƙas-ƙas shi kaɗai. Da azahar lungu yakan yi tsit, awaki sun lafe a jikin katanga baki a buɗe, ƙadangaru ma ba sa fitowa. Wuta ba a maganarta. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da baya. Mutum ya yi alwala, kafin ya isa sahu ya bushe. A sahun ma ba ka jin komai sai numfashi da warin zufa. Kullum da yamma hadari yakan taso ta gabas, mu tsaya muna kallonsa, ya yi duhu, ya yi iska mai zafi, ya watse.

Tsarin gidanmu bai canza ba. Bayan sahur Rabi ta jiƙa gero. Da hantsi Habibu ya kunna sumo daga zaure, ruwa ya hau tanki, layi ya fara: jarkoki, bokitai, tuluna, kurar 'yan garuwa a gefe. Kafin azahar ya kashe. Bayan la'asar ya sake kunnawa don ruwan buɗa-baki. Ni kuwa ina kan tabarma a soro, jiƙaƙƙen tawul a ka. Rabona da in yi azumi a inuwa tun kafin a haƙa ramin nan. Alhaji Ubale, shugaban kwamitin ruwa, har zaure ya zo ya shi wa Habibu albarka.

Wajen tsakiyar wata sabis ya fara wasa. Ka kira mutum ka ji rabin maganarsa. Wasu suka ce zafi ne, wasu suka ce man injinan turakun sabis ne ya yi wuya.

Ranar da abin ya faru, Habibu ya kashe sumo kafin azahar kamar kullum. Kwamfuta ta ɗan jima tana jira, sannan ta rubuta a kashe. Ya rufe zaure muka tafi masallaci. Bayan la'asar ya kunna, ta rubuta a kunne. Layi ya kai bakin lungu, ruwa bai zo ba. Aka jira. Wani ya hau tsani ya leƙa tanki ya ce babu motsi.

Na ɗauki keke. Tun kafin in buɗe ɗakin sumo na ji warin, warin roba da tagulla da suka dahu, duk mai aikinmu ya san shi. Allon ba ya taɓuwa. Na sa kunne a bakin bututu, shiru. Na cire wutar sola, na kira Habibu.

"Danna daga nan, ina tsaye a gaban akwatin."

Ɗan makunnin ya ce ƙas. Na tsaya. Can bayan ɗan lokaci ya sake cewa ƙas.

"Sau nawa ka danna?"

"Sau ɗaya."

"Biyu na ji."

Habibu ya ce, a hankali, "Amsar ce take ɓata a hanya, Yaya. Kiran yana isa. Akwatin ya kashe, ya ce na kashe, kwamfuta ba ta ji ba, ta sake kira, ya kunna."

Wato tun kafin azahar sumo yake juyi a busasshen rami, mu muna masallaci, kwamfuta tana cewa a kashe. Sallama ko sau nawa ka maimaita ba ta rushe ta farko. Dannawa ta biyu kuwa warware ta farko take yi. Mun yi wata da watanni muna kallon wannan maɓalli mu biyu, babu wanda ya hango.

Washegari da sassafe mazan unguwa suka fito muka jawo shi. Igiya da bututu masu tsawo ne, ana ja ana miƙawa baya, kowa da azumi a baki. Babu mai magana sai "ja" da "riƙe". Tafin hannun Habibu ya saɓule, bai saki ba. Da sumo ya fito, gindinsa ya yi baƙi. Na kai shi wurin mai naɗin waya a Koki, na tarar da irinsa jere a ƙasa kamar gawarwaki, daga unguwanni daban-daban. Ya ce in ajiye, in bi layi, wayar ma sai an nemo.

Daga nan muka shiga kwanakin da nake magana.

Tsofaffin rijiyoyin cikin gidaje sun kafe, wadda ba ta kafe ba ruwanta zartsi ne mai wari. 'Yan garuwa da yawa sun koma ƙauye sharar gona, kaɗan da suka rage tun daga bakin titi ake tare su. Mutum yakan bi kura a baya yana roƙo kamar mai neman gafara. Na kafa doka a gida. Ruwa in ya samu, na sha ne farko, a rufe shi a randa. Sai na girki. Sai na alwala, kowa rabin buta. Wanda aka wanke shinkafa da shi a wanke kwanuka, wanda aka wanke kwanuka a kai banɗaki. Wanka sai Juma'a, shi ma shafe-shafe ne. Wanki aka daina. Kunu ya yi kauri don ba a sakin masa ruwa. Gida ya fara wani irin wari da Rabi take ƙona turare a kai, ba ya rufuwa.

Habibu ya rufe zaure. Ya ari kura a wurin wani ɗan garuwa da ya tafi gida, ya riƙa fita bayan asuba neman duk inda inji yake aiki. Yakan dawo rana ta take, leɓɓansa sun fashe, ya bi gidajen da babu maza yana sauke jarka, sannan ya kawo mana ragowar. Babu wanda ya sa shi. Wasu suna godiya, wasu su karɓa ba su dube shi ba.

Gwaggo ta ƙi ajiye azumi. Na je har ɗakinta na durƙusa.

"Gwaggo, an yi wa tsofaffi sauƙi. Ki sha ruwa, zan ciyar."

"Lawan, tun ba a haife ka ba nake azumi. Ba kai za ka koya mini ba."

Rabi ta jiƙa zane za ta lulluɓa mata, ta ture. "Ruwan yara za ki ɓata a kaina? Matse shi a kwano." Ɗakinta ba taga, da rana kamar tanda. Muka fito da ita rumfa, nan ma iskar wuta ce. Takan kira Habibu in ta ji ƙarar kura.

"Auta, rijiyar taka ta yi maka tawaye?"

"Ta yi, Gwaggo."

"Haka suke. Ka ci abinci da sahur kuwa? Muryarka kamar ta zakaran da aka jiƙa."

Wata ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, Rabi ta je tashinta salla ta tarar rai ya yi halinsa. Tana kwance a gefen dama, tasbaha a hannu, fatarta da zafi kamar mai zazzaɓi. A wannan bazarar tsofaffi da yawa suka tafi a cikin gari, har a unguwannin da ruwansu bai yanke ba. Na faɗa wa Habibu haka daga baya, ya saurara.

A irin wannan zafi ba a jinkirta gawa. Rabi ta fito ta same ni a soro, ta rage murya.

"Malam, ruwan da ke randa ba zai yi mata wanka ba."

Habibu ya fita da kura tun ɗazu, wayarsa ba ta shiga. Ban san yadda maganar ta zaga ba. Ina tsaye a ƙofar gida sai na ga ana fitowa daga gidaje. Wannan da buta, wannan da kwanon sha, wata tsohuwa da langa a rufe tana tafe a hankali kada ya zube. Ruwan buɗa-bakinsu ne, na sani, don wani da sanyin randa a jikinsa. Aka riƙa miƙawa ciki, ina jin ƙarar zuba shi a baho kaɗan-kaɗan. Da shi mata suka wanke Gwaggo.

An fito da makara kenan Habibu ya shawo kwanar lungu, yana tura kura cike. Ya tsaya. Lungun ba ya ɗaukar kura da makara tare, dole ya ja baya har bakin hanya kafin mu wuce. Wani daga cikin masu rakiya ya ce, yadda kowa zai ji, "Ga mai akwati, ya kawo ruwa."

Na juya na ce, "Gawa muke ɗauke da ita. Wanda yake da magana ya same ni bayan addu'ar uku."

Babu wanda ya zo.

Bayan kwanakin zaman makoki Habibu ya buɗe zaure, ya ce in zo. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Yaya, zan sake shi. In ka ce a cire, a cire."

"Faɗa mini daga farko."

Ya ce ba sauran danna. Aiki zai zama kunna daban, kashe daban, yadda in an ce kashe sau goma, a kashe ɗin zai zauna. Kowane kira zai tafi da lambarsa, in na'ura ta ga lambar da ta riga ta yi wa aiki, amsa kawai za ta maimaita. Kwamfuta ba za ta ƙara riƙe komai da ka ba, sai ta tambaya, na'ura ta duba wutar da sumo yake ja ta faɗa mata. In kuma na'ura ta jima ba ta ji daga zaure ba, ta kashe sumo da kanta. Na sa ya maimaita. Na cire koren maɓallin gaba ɗaya, na yi sabon wayarin. Muka gwada da kwan fitila a madadin sumo, yana zare layin waya a tsakiyar kira da gangan, yana mayarwa, har na gaji shi bai gaji ba.

Alhaji Ubale bai so ba. "Malam Lawan, mutane sun sha wuya. Ka koma kan kekenka."

"Alhaji, in na koma kan keke, wata rana a titi za a tsince ni, ku rasa mai kunnawa. Zan zauna a ɗakin sumo in sa ido har ruwan sama ya sauka. In ya saɓa sau ɗaya, da hannuna zan cire."

Ya daɗe yana shafa gemu. "Sau ɗaya," ya ce.

A cikin goman ƙarshe mai naɗi ya ba mu sumo. Mazan da suka jawo shi su suka mayar, bayan la'asar, rana tana dukan ƙeya. Na haɗa wuta, na kira Habibu na ce bismilla. Akwatin ya ce ƙas, sau ɗaya. Bututu ya yi rawa, ya yi tari, sannan na ji nauyin ruwa yana hawa a ƙarƙashin tafina. Na zauna a wurin har na ji an kashe daga zaure, na tabbatar ya tsaya, na kulle.

Kafin in iso unguwa layi ya miƙe har bayan masallaci, ba hayaniya, sai ƙarar ruwa a gindin jarka. Habibu bai fito kallo ba. Na same shi a zaure, hannuwansa a cinya, yana fuskantar kwamfuta.

Rabi ta aiko da kunu da ƙosai da kofin ruwan tanki, sabon ɗiba, da ɗan ɗumin bututu. Ladan ya kira magariba. Na yi addu'a na sha nawa. Shi ya ɗauki kofin ya riƙe, yana kallon cikinsa. Na ci dabino, na wanke hannu, na ji ana shirin tayar da salla, har yanzu bai kai baki ba.

Na ce, "Habibu, an kira salla. Ba a jinkirta buɗa-baki."

Bai motsa ba.

"Sha."

Ya sha.